Hakkin Jama'a a Kan Mai Rijiya da Mai Inji Idan Gari Ya Yi Duhu

 

A daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga watan Satumba 2024, wanda ya yi daidai da makon farko na Rabi'ul Awwal 1446, saura 'yan kwanaki a yi Mauludi, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya kwararo cikin birnin Maiduguri alhali mutane suna barci. Ya ci Gwange da Shehuri da Gamboru da wasu unguwanni masu yawa, ya shiga babbar kasuwar garin da ake kira Kasuwar Monday, ya shiga fadar Mai Martaba Shehun Borno, bai bar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba. Katangar gidan yari ta faɗi fursunoni 281 suka fice, kadoji da macizai na gidan namun daji na Sanda Kyarimi suka bi ruwa suka shiga gari. Gwamnan Jihar Borno, Farfesa Babagana Umara Zulum, ya ce abin ya shafi mutane kamar miliyan ɗaya. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994, shekara 30 ke nan cif, kuma a wancan karon ma daga wannan madatsa ruwan ya zo. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri.

Labarin ruwan kowa ya ji shi a rediyo. Abin da nake so mu tsaya a kansa a wannan mako shi ne zaman da ya biyo baya, watau kwanakin da unguwannin da ruwa ya ci suka yi babu wutar lantarki, da kuma hukuncin da shari'a ta ɗora a kan wanda Allah ya bar wa wani abu a hannu a irin waɗannan kwanaki. A Maiduguri abin ya auku, amma babu garin da aka yi wa alkawarin tsira. A 2022 ruwa ya yi ɓarna a Jigawa da Lakwaja, a damunar 2024 ya yi a Maraɗi da Damagaram, a ƙarshen Mayu 2025 kuma ya yi mummunar ɓarna a Mokwa ta Jihar Neja.

To, me ya sa ambaliya take tafiya da wuta? Ruwa yana kayar da falwayoyi, yana nutsar da taransfoma, yana kwantar da wayoyi a cikin kududdufai, kuma lantarki yana bin ruwa, duk wanda ya taka shi kusa da wayar da ke ɗauke da wuta sai dai a ɗauki gawarsa. Saboda haka ko layin bai lalace ba, wajibi ne ma'aikata su yanke shi da hannunsu domin tsare rayukan masu ratsa ruwa, ba kuwa za su mayar ba sai ruwa ya janye, kayan aiki sun bushe, an gwada su unguwa-unguwa. Wannan yankewa daidai ce a shari'a, gama tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani, wanda ya zage su a kanta ya zalunce su.

Amma fa mutumin birni na yau ba kamar kakansa ba ne. Kakanninmu da fitilar aci-balbal da rijiyar tsakar gida da turmi da dutsen niƙa suka rayu, ko karatun dare ma a tsangayun Borno a gaban wutar kara ake yinsa. Mu kuwa mun rataya rayuwarmu duka a jikin waya guda. Rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai an ba injinta wuta. In inji bai tashi ba tanki ba ya cika, in tanki bai cika ba 'yan garuwa su jingine kurarsu, sai ka ga tulu da buta sun bushe a gidan da jiya ruwa ya kai wa mutane iyaka wuya. Ga injin niƙa tsit, uwargida da masara a kwano babu gari. Ga firjin mai nama da mai kifi, ga allurar masu ciwon sukari da ta rigakafin yara waɗanda zafi yake ɓata su. Ga wayar hannu, wadda da ita uba yake cigiyar ɗansa da ruwa ya raba su cikin dare, da ita ɗan'uwa na Kano ko na Ikko zai turo taimako, in batir ya mutu duk wannan ya tsaya. Kuɗin mutum ma yana banki, ya san nawa gare shi amma ba ya iya taɓa shi, sai na'urar mai POS ta sami caji da sabis.

Mutanen Maiduguri ba baƙin duhu ba ne. A Janairu 2021 'yan ta'adda sun kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a Maris suka sake kayarwa, garin ya yi kusan shekarar nan duka ba wutar Gwamnati, har ta kai ga an gina masa tashar lantarki mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a Maris 2023. Wannan wahala ta koya wa masu hali sayen janareto da kafa faifan sola a kan rufi. Sai ya zamana ranar da bala'i ya sauka, abubuwan da rai ba ya yi sai da su sun taru a hannun mutane ƙalilan: mai burtsatse da inji, mai sola, mai fetur a jarka, mai shagon da ruwa bai kai gare shi ba. Kuma kada a manta, mako guda kafin ambaliyar aka ƙara kuɗin fetur, lita ta tashi daga wajen naira 600 zuwa kusan 900. Mafi yawan masu karatun wannan fili, 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati, in irin wannan rana ta zo garinsu, cikin waɗannan ƙalilan ɗin za su sami kansu, don haka da su nake magana.

Mu fara da ruwa, don shi ne mafi nauyi. Ba daidai ba ne abin da wasu suke faɗa wai sayar da ruwa haramun ne ta kowace fuska. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya haƙa rijiya a cikin mulkinsa, ko ya tara ruwa a tanki ko a tulu, ruwan nasa ne, yana da ikon sayarwa, yana da ikon hanawa. Haka Shaihu Halilu ya tabbatar a Muhtasar, a babin raya mataccen fili. Amma nan take ya yi togaciya, ya fitar da mutumin da ake jin tsoron halakarsa: wannan ba a hana shi. In yana da kuɗi a hannu ya biya kuɗin da aka saba, in ba shi da shi a ba shi, kuma ba a bin sa bashi daga baya. A wani wurin a littafin, cikin babin yanka, ya lissafa abubuwan da ake kama mutum da lamuninsu saboda abin da ya bari bai yi ba, a cikinsu akwai wanda ya hana mai lalura rarar abinci ko abin sha, da wanda ya hana zaren da za a ɗinke rauni, har da wanda ya hana itacen da za a tokare katangar da ke shirin faɗuwa. Ku dubi wannan na ƙarshe, kamar a kan gidajen ƙasa na bayan ambaliya aka rubuta shi. Masu sharhi sun ce in mutumin ya mutu saboda hanin akwai diyya, in kuwa mai hanin ya nufi mutuwarsa, to maganar ta koma ta kisasi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya ɗora wa wasu mutane diyyar wani da ya roƙe su ruwa suka hana shi har ƙishirwa ta kashe shi.

Wannan hukuncin duniya ke nan. Na lahira kuwa yana cikin hadisin Abu Huraira wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci mutum uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne mai rarar ruwa a kan hanya wanda ya hana matafiyi. A wata ruwayar an bayyana dalilin, watau ya yi rowar abin da ba hannunsa ne ya halitta ba. Kai ka haƙa ramin, kai ka sayi injin, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa wa ya ajiye shi can?

Wani zai ce: Malam, ai ƙishirwa ba ta kashe kowa a tsakiyar birni, ga ruwa ko'ina. Amsa ita ce wannan ruwan da ke ko'ina shi ne ajalin. Ruwan ambaliya ya ratsa masai da kwatami da juji, ya gangara cikin rijiyoyin da ba su da murfi. Matar da aka kora daga bakin famfo don ba ta da kuɗin jarka ba za ta zauna 'ya'yanta su bushe ba, za ta ɗebo wancan ta ba su. A farkon Oktoba 2024, ƙasa da wata guda bayan ambaliyar, Gwamnatin Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara, watau amai da gudawa. Saboda haka a ganina, duk wanda ba shi da hanyar samun ruwa mai tsabta a irin wannan hali ya shiga cikin wanda ake jin tsoron halakarsa, ko da kuwa yana tsaye cikin ruwa har gwiwa.

To, mai injin fa, shi da ya sayi mai da tsada? Shari'a ba ta ce ya karya jarinsa ba. Ya lissafa man da ya ƙona, da ladan yaron da ke tsaron famfo, da abin da inji ya ci na gyara, ya ɗora ribar da aka saba, ya sayar wa mai ikon biya. Wannan halal ne, kuma tayar da injin da ya yi alhali yana iya kulle ƙofarsa ya kwanta, in ya kyautata niyya, yana da lada a kansa. Abin da ba ya halatta shi ne ya dubi tsawon layi ya yanka farashi da shi, ya ninka kuɗin jarka sau biyu sau uku don ya san babu wani famfo mai aiki a unguwar. Mai ya hau, gaskiya ne, amma kowane ɗan kasuwa ya san bambanci tsakanin hawan da mai ya jawo da hawan da ganin idon mai bukata ya jawo, ba sai malami ya rarrabe masa ba. Abu Dawuda ya ruwaito hani daga Sayyidina Aliyu a kan cinikin wanda lalura ta matsa, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, ma'anarsa ta dace da ƙa'idojin shari'a. Wanda kuma Allah ya yalwata wa, ga Sayyidina Usmanu ɗan Affan abin koyi. Sa'ad da Muhajirai suka iso Madina, ruwan daɗi yana rijiyar Ruma, mai ita yana sayarwa, Usmanu ya saye ta da dukiyarsa ya mai da ita waƙafi, gugansa bai fi gugan kowa ba. Attajirin da ya ɗauki nauyin man burtsatsen unguwa na mako biyu a kwanakin duhu, a kan wannan sunna yake.

Sai wuta. Akwai hadisi a wurin Abu Dawuda da Ibnu Majah da ke nuna Musulmi sun yi tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Da yake mu Hausawa da kalma ɗaya muke kiran wutar murhu da ta lantarki, na sha jin matasa suna kafa hujja da shi wai lantarki na kowa ne, har ma wasu su halatta wa kansu jona waya ta bayan mita. Wannan gaggawa ce. Abin da malamai suka fassara shi ne ɗosanar wuta, da kunna fitila daga fitilar wani, da zama a cikin haskenta, watau abin da ba ya rage mai shi da kome. Ba su ce itacensa ko mansa ya zama na kowa ba. Lantarki kuwa da kuɗi ake samar da shi, satarsa sata ce. Amma ku lura da inda ƙiyasin ya tsaya daram. Ƙwan fitilar da ka kunna a ƙofar gida ya haskaka lungu, da me ya rage ka? Sola da rana ta cika batirinta tun hantsi, ragowar yana tafiya a banza, in maƙwabci ya kawo wayarsa da me ya rage ka? Allah Maɗaukakin Sarki ya haɗa masu hana ƙananan kayan taimako da masu sakaci da salla a cikin sura guda, Suratul Ma'un, kuma Abdullahi ɗan Mas'udu ya ba da labari cewa a zamanin Annabi aron guga da tukunya suke ƙidayawa a cikin wannan. Gugan zamaninmu a daren duhu shi ne tocila da ramin soket. Wanda caji ne sana'arsa tun asali ya karɓi kuɗinsa yadda ya saba. Wanda kuwa ba sana'arsa ba ce, sai ranar da ya ga maƙwabtansa cikin ruɗu ya kafa tebur a zaure, to ya san abin da ya ci.

Game da ɓoye kaya kuwa, hadisin Ma'amaru ɗan Abdullahi a Sahihu Muslim ya kira mai yin haka mai saɓo. Wasu malamai sun taƙaita hanin a kan abinci, amma Imamu Malik ya faɗaɗa shi ga duk abin da ɓoye shi yake cutar da kasuwa, har ya ambaci mai da ulu da kayan saƙa. A kan wannan, kyandir da batir da kananzir da fetur da gawayi da ruwan leda duk sun shiga, ranar da gari ya yi duhu. Wanda ya ji labarin ɓallewar madatsa ya ruga ya kwashe na kasuwa ya kulle a sito yana jiran jibi, shi ake nufi. Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 289 bayan Hijira, a littafinsa na hukunce-hukuncen kasuwa ya ga a fitar da kayan irin waɗannan mutane a sayar, a ba su uwar kuɗinsu, ribar kuwa a yi sadaka da ita domin ladabtarwa.

A nan ne mutane sukan tambaya ko hukuma tana da ikon yanka farashi, tun da an roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka a Madina ya ƙi. Tsadar da ya ƙi taɓawa ita ce wadda ƙarancin kaya ya kawo ba da makircin kowa ba. In kuwa 'yan kasuwa suka ƙetare haddi, malamanmu sun ba shugaba hanya, kuma hanyar da Ibnu Habib ya siffanta ta cancanci ma'aikatan ƙananan hukumomi su san ta: a tara manyan masu wannan sana'a, a kawo wasu amintattu daga waje domin a gaskata maganarsu, a tambaye su nawa suke saye nawa suke sayarwa, sa'an nan a daidaita da su a kan farashin da zai bar musu riba ya kuma sauƙaƙa wa jama'a, har su yarda. Farashin da aka yanka daga ofis ba tare da sanin kuɗin mai ba, abin da yake haifarwa shi ne masu inji su kashe injinsu, talaka ya rasa na tsadar ya rasa na arahar. Muna da sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan garuwa da masu unguwanni, wannan zama ba ya bukatar fiye da yini guda.

Akwai wata ɓarna da duhu yake rufa wa asiri, ita ce algus. Naman da firji ya mutu a kansa kwana biyu a bi shi da yaji, buhun shinkafa da ya sha ruwa a shanya a sake ɗinkewa, a sayar da magariba a hasken tocila. Kowa ya san ƙissar tsibin abinci da Manzon Allah ya cusa hannunsa mai albarka a ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya umarce shi da ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma ya barranta daga mai ha'inci. Ku duba, uzurin mutumin nan gaskiya ne, ba shi ya jiƙa kayan ba, amma ɓoyewar tasa ce. Wanda ya fi wannan muni shi ne magani. A cikin Satumban nan na 2024 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta Gamboru a Maiduguri saboda an sami magungunan da ruwa ya ci ana shanya su domin a mayar kan kanta. Hatsin da ya jiƙa ana iya bayyana aibinsa a sayar da shi don dabbobi a kan kuɗinsa. Magani kuwa da nama da suka lalace, ko an bayyana ba su halatta a sayar, domin cuta ce tsantsa. Na san hasara tana da ciwo, mutum ya wayi gari jarin shekara 20 ya zama taɓo. Amma ba a fanshe ta daga cikin marar lafiya.

Yanzu ga ma'aikata. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi fari mai tsanani a Hijaz, wanda ake kira Shekarar Toka, ƙauyawa suka kwararo Madina kamar yadda mutanen Gwange suka kwarara sansanin Bakasi. Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da ayarin abinci, Abu Ubaida ya zo da nasa daga Sham. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai talakawa sun samu, ya dinga cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ma'anar wannan ga ma'aikacin yau a fili take. In an tashi mayar da wuta, layin asibiti da na gidan ruwa su ne gaba, sa'an nan inda jama'a suka fi cunkoso, ba layin da gidan shugaban ma'aikata yake ba. In an ba ka rabon man janareto na asibiti ko na sansani, ko buhunan agaji, ko fitilun sola, amana ce, ɗan abin da ka karkatar gida gululu ne, za ka zo da shi a wuya ranar Alƙiyama. In mutanen unguwa suka yi karo-karo suka kawo maka don ka gaggauta gyaran taransfomarsu, alhali aikin da ake biyanka albashi dominsa ne, ka tuna da Ibnul Lutbiyya wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani kaso wai kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya tambaya ko da ya zauna a gidan iyayensa kyautar za ta same shi. Su masu bayarwa, in babu wata hanyar samun hakkinsu sai wannan, malamai da yawa sun yi musu uzuri, zunubin yana kan mai karɓa. A Fabrairu 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Duk wanda takardar wannan aiki ta bi ta teburinsa, daga injiniya har akawu, ya san rayukan mutanen birni guda ne a ƙarƙashin sa hannunsa.

Masallaci ma yana da nasa hukunce-hukunce a irin waɗannan darare, kuma an sha tambayata ko ɗaukewar wuta tana halatta haɗa Magariba da Lisha. Ibnu Abi Zaidin a Risala ya ambaci rangwamen haɗa su a daren ruwan sama, haka kuma in taɓo da duhu suka haɗu. Amma duhun da malamai suke nufi shi ne na rashin farin wata, ba na gajimare ba, balle na ɗaukewar lantarki, kuma duhu shi kaɗai ba ya isa. A makon ambaliyar Maiduguri wata yana ƙara girma ne zuwa daren sha huɗu, saboda haka ta wannan ƙofa rangwamen bai buɗe ba sai a daren da aka yi ruwa. Wata ƙofar ce ta buɗe, wadda ta fi ta faɗi: taɓo mai yawa da tsoron cutuwa uzuri ne na barin jam'i, har da Juma'a, kuma wanda yake tsoron waya a cikin ruwa ko maciji a lungu ya yi sallarsa a gida ba laifi. Ruwan ambaliya in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da najasa ba a alwala da shi. Wanda ɗan ruwan da ke hannunsa na shan iyali ne ya bar musu ya yi taimama, a kan ƙasa ko dutse, in ma bai sami kome ba sai taɓo ya ɗora hannunsa a kai sama-sama. Ladan kuma kada ya ce lasifika ta mutu ya yi shiru. Bilalu a kan rufin gidan wata mata ta Banu Najjar yake hawa, don shi ne mafi tsawo a kusa da masallaci.

Masallatai da yawa yanzu suna da sola da burtsatse, sai gardama ta tashi tsakanin kwamiti da jama'a ko ya halatta a buɗe su ga masu caji da masu ɗiban ruwa. Waƙafi yana bin sharaɗin mai shi, in kuwa bai faɗi sharaɗi ba a koma ga al'ada da abin da ake zaton zai so, kuma ban san Musulmin da zai kafa rijiya don Allah sa'an nan ya ƙi a shayar da mai ƙishirwa daga gare ta ba. Duk da haka, shawarata ga mai niyyar yin irin wannan alheri ita ce ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu, a rubuta, cewa a ranar lalura an buɗe wa kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, don kada a tsaya neman fatawa mutane suna layi.

Abu na ƙarshe shi ne wutar da muke kunnawa da kanmu. Buhari ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Annabi ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta, a wani hadisin kuma ya ambaci ɓera da kan ja lagwani ya ƙone gida. Kyandir a gefen katifar soso da jarkar fetur a ƙarƙashin gado sun fi ɓeran nan haɗari. Janareto kuwa hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa barci mai nauyi, daga nan sai mutuwa, an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun tafi don an shigar da shi ɗaki ko baranda saboda tsoron ɓarayi ko ruwa. A ajiye shi a fili nesa da taga, tagarka da ta maƙwabci, a kuma kashe shi in dare ya raba, ko don marar lafiyar da ke bayan katanga.

Akwai wasiƙu da suka zo daga 'yan kasuwa suna tambaya a kan kayan amana da ruwa ya ci a shago, da jarin ƙiradi da ya salwanta, da bashin da lokacinsa ya yi alhali mai shi yana sansani. Waɗannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.